Wayoyi a Cikin Samira

A ƙarshen watan Yulin 2025 aka ba yaran gidanmu dogon hutu, kuma har ga Allah na yi murna. Na huta da tashin asuba ina haɗa abincin makaranta, na huta da jiran mai adaidaita a ƙofar gida. Yara uku gare ni. Akwai ɗan farina mai shekara 13, wanda ƙannensa ke ce wa Yaya, ni ma na ari bakinsu tunda ba na kama sunansa. Mai bi masa mace ce, sunan mahaifiyata gare ta, muna ce mata Ummi, shekararta 9. Sai Auta, ɗan shekara 3 da 'yan watanni. A Kano muke zaune, gidan haya ne mai ɗaki uku da 'yar tsakar gida da aka shafe da siminti.

Murnar ba ta wuce kwana huɗu ba. Ranar an tashi da ruwa tun safe. Na sauke tukunya, na ƙwala wa Yaya kira har sau uku, shiru. Da na leƙa ɗaki sai na tarar da shi kwance rub da ciki, riƙe da tsohuwar wayar Abbansu mai tsagaggen gilashi, igiyar caji a maƙale. An yi Azahar an idar, masallaci kuwa gida uku ne tsakaninmu, bai ma san an kira ba. Ummi tana falo gaban talabijin, ko kalacin safe ba ta ƙarasa ba. Da na zaunar da Auta zan ba shi abinci sai ya datse baki, ya miƙo hannu yana cewa, "Umma, waya." Ba ya haɗiyar loma sai ana kunna masa katun, kuma ni na koya masa haka tun yana ɗan shekara ɗaya da rabi, don in samu ya ci in tashi in kama wani aikin.

Da daddare na faɗa wa Abbansu. Ya karɓi wayar Yaya ya shiga saitinta, wurin da ake kira Digital Wellbeing, inda wayoyin Android ke nuna tsawon lokacin da aka yi a kan kowace manhaja. Abin da ya fito ya haura awa 7 a yini ɗaya. Na fara faɗa, ina cewa gobe-goben nan zan ƙwace ta. Sai ya ce a hankali, "Kawo taki mu gani." Tawa ta nuna awa 6. Ina sayar da atamfa da leshi da mayafai ta WhatsApp, shi kuma shagonsa a Kantin Kwari yake, don haka na ce ai sana'a ce. Amma lissafin yana gabana dalla-dalla, kuma na san sana'ar ba ta ci rabin wannan lokacin ba. Ban iya barcin kirki ba a daren. Abin da ya fi tsaya mini shi ne sau nawa Ummi ta zo da magana na ce mata "ina zuwa" idona na kan waya, ban kuma zo ba.

Ga kuma batun aljihu. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kan kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, datar da muke saye ta wata ba ta kai mu mako uku, balle a lokacin hutun da yara ke gida yini guda.

Da farko hanyar da kowa ya sani na bi. Na ƙwace wayar Yaya na kulle a durowa, na ɓoye rimot. Kwana uku aka yi a haka, gidan ya zama filin dambe. Yaya da Ummi ba sa minti goma ba a kai ruwa rana ba, Auta kuwa kuka har muryarsa ta dishe. A rana ta uku Yaya ya ce zai je sayo ruwan leda, bai dawo ba sai bayan awa biyu. A gidan gem na bakin titi aka samo shi, cikin samarin da suka girme shi nesa ba kusa ba, ana buga ƙwallo a talabijin ana ashar. Wannan ya fi wayar tayar mini da hankali.

Na zauna na yi wa kaina tambayar da ya kamata in yi tun farko: da na ƙwace, me na ba su? Ni a babban gida na tashi a cikin birni, mu fiye da goma sha biyar 'yan dangi, ga soro, ga dandali in an yi farin wata, ga gaɗa, ga aike tun daga safe har dare. Babu wanda ya taɓa zama ya tsara mana abin yi. Su kuwa nawa yaran, mun rufe musu ƙofa saboda tsoron abin da ake ji na satar yara, mun bar su da siminti taku goma da bango huɗu. Wayar ita ce kaɗai tagar da muka bar musu a buɗe.

Yayata ma'aikaciyar jinya ce, ita na kira. Ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2019 game da yara 'yan ƙasa da shekara 5. Wanda bai kai shekara 2 ba, kada a zaunar da shi gaban waya ko talabijin. Daga shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a rana, in ya gaza haka ma ya fi, sannan irin su Auta suna buƙatar kamar awa uku na wasa da guje-guje a yini. Manyan kuma, daga shekara 5 zuwa 17, aƙalla awa ɗaya na motsa jiki sosai kullum. Sai ta ƙara nata: "Ke dai kar ki tsaya ƙirga awanni kawai. Duba abin da wayar ta ture. Barcinsu, sallarsu, cin abincinsu, hirarku. Ki dawo da waɗannan wurinsu, abin da ya rage sai ki ba waya."

Ranar Lahadi bayan Isha muka shimfiɗa tabarma a falo, Abbansu ya tara su. Ba mu fara da faɗa ba. Na nuna musu lissafin wayar Yaya, na kuma nuna musu nawa. Ummi ta yago takarda daga tsohon littafin makaranta, ita ce marubuciya. Muka tsayar cewa babu waya babu talabijin da safe sai an dawo daga Islamiyya, wadda a lokacin hutu ake mayar da ita safe. Yaya yana da awa ɗaya da rabi bayan Azahar, Ummi awa ɗaya, Auta rabin awa kuma sai da wani a gefensa. Ba a cin abinci da waya. Ba a kwana da waya a ɗakin yara, caji a ɗakina ake yi. Daga kiran Magariba zuwa ƙarfe 9 kuwa, duk wata waya ta gidan nan a wuri ɗaya za ta zauna. Na tashi na ɗauko wata samira cikin kayan aurena wadda ban taɓa zuba abinci a ciki ba, na dire ta a tsakiya.

Yaya ya ɗago kai ya ce, "Umma, har da taki da ta Abba?" Abbansu ya zaro tasa daga aljihu ya saka tun kafin in ba da amsa. Sharaɗi ɗaya ya nema, in an kira a ɗaga, a gama magana a mayar. Na saka tawa, Ummi ta rufe da murfi.

Washegari muka saka Family Link a wayar Yaya. Manhaja ce ta Google da ke haɗa wayar yaro da ta iyaye. Sai da muka buɗe masa adireshin imel na yara, sannan daga wayata na sa iyakar lokacin yini, na sa lokacin da za ta kulle kanta da dare, na kuma sa duk manhajar da zai sauke sai na amince. Shi da kansa ya riƙa nuna mini inda zan danna, don ya fi ni sanin kan abin. Ta yi aiki, sai dai iyakarta wayar da aka saka ta. Ba a yi mako ba na gano abokinsa na maƙwabta yana tura masa finafinai ta Xender zuwa memori, shi kuma ya soka a bayan talabijin in na shiga kicin. Raina ya ɓaci, amma ban doke shi ba. Na ce masa yarjejeniya muka yi, shi ma ya sa hannu, don haka gobe babu rabonsa. Sannan na yafa mayafi na shiga gidan maƙwabciyata. Ashe ita ma abin na cin ta a rai. Muka jawo ta ukunmu, muka shirya cewa bayan La'asar za a buɗe ƙofofi, yara su fito lungu, ɗayarmu ta zauna a bakin ƙofa tana kallonsu, kullum da mai zama. A lungun nan aka farfaɗo da langa. Na ga Yaya riƙe da ƙafa ɗaya yana tsalle yana haki, gumi sharkaf, rabon da in ga haka tun yana firamare.

Na Auta ne ya fi wahala, shi ne kuma ya fi ci mini rai, domin bai san wata yarjejeniya ba. Abin da ya sani kawai an hana shi abin da aka saba ba shi. Rana ta farko ya tuntsurar da kwano. Rana ta biyu loma uku ya ci da rana, ya yi ta birgima a ƙasa. Na shiga ɗaki na yi kuka, hannuna har ya kai kan wayar. Na kira Hajiya, surukata, ta ce, "Ki daina bin sa da cokali. Ki zuba musu a faranti ɗaya shi da yayyensa, ki wanke masa hannu, ki tashi ki ba su wuri. Yaro in ya ga ana cinye rabonsa zai sa hannu." Haka na yi. Na laɓe a ƙofar kicin ina leƙe. Ɗanwake ne da mai da yaji da yankakken ƙwai. Ya daɗe yana kallonsu yana shessheƙa, sai da ya ga Ummi ta kai hannu kan ƙwan da ke gabansa ya yi wuf ya damƙe. A rana ta biyar ya zauna da kansa ya ce a wanke masa hannu. Tun daga ranar ban sake kunna masa komai a kan abinci ba.

Sauran lokacin kuwa aiki muka cika shi da shi, domin na lura wasa kaɗai ba ya riƙe yaro mai shekara 13. Abbansu ya fara tafiya da Yaya Kwari sau uku a mako. Ya koyi auna yadi, ya koyi ninke shadda ba ta yamutse ba, ya fara gane atamfa mai kyau da taɓawa. Ranar da ya sayar da turmi biyu shi kaɗai Abbansu yana masallaci, labarin bai ƙare ba har muka kwanta. Ummi ta zama 'yar hannuna a kicin, ta iya tace waken awara, ta iya kwaɓin fanke. Muka samo buhunan siminti huɗu muka cika da ƙasa da taki, muka jera a jikin bango, ta shuka rama da alayyahu da masara. Damina ta yi mana ban ruwa. Da yamma na koya mata carafke da tsakuwa, Abbansu kuma ya zana gidan dara a bayan kwali, gida 30, kowa da 'ya'ya 12, shi da murafen lemo, Yaya da duwatsu. Wanda ya jera uku ya ci ɗaya na abokin karawa. Sai da Yaya ya sha kashi kusan mako biyu kafin ya ci wasa ɗaya.

Lokacin samira, wato tsakanin Magariba da ƙarfe 9, shi na fi jin tsoro, don ban san me za mu ce wa juna ba. Daren farko na ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Ummi kaɗai ta san ana cewa "Ta zo mu ji ta." Na kama tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ina kaiwa tsakiya sai ta ɓace mini ɓat. Abin ya ba ni takaici ƙwarai, a ce abin da kakata ta ba ni a kyauta na bari ya zube. Washegari na roƙi mahaifiyata ta riƙa yi mini saƙon murya. Kullum da rana sai ta turo ɗaya, in saurara ina wanke-wanke, da dare in ba su da bakina. Wayar da nake ƙorafi a kanta ita ta dawo mini da su, ban manta da wannan ba. Muka haɗa da kacici-kacici. "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." Yaya ya yi ta zagaye har ya ba da gari, Ummi ta nuna tsintsiya a bayan ƙofa. Auta bai damu da ma'ana ba, shi dai a bar masa faɗin "ƙurunƙus" a ƙarshe, ko ba a kai ƙarshen ba.

Akwai abin da na rasa, kuma ba zan ɓoye ba. Wata rana wata mata ta turo saƙo tana neman leshi kala shida na kayan lefe, ban gani ba sai bayan ƙarfe 9, kafin nan ta saya a wani wuri. Cinikin mako guda ne ya wuce ni. Na kwana ina juya abin. Da safe na rubuta a sitatus cewa daga Magariba zuwa ƙarfe 9 ba na kusa da waya, mai gaggawa ya kira. Masu sayayyata suka saba.

Asabar biyu muka ware don fita. Abin kunya ne a ce yaran Kano ba su taɓa shiga Gidan Makama ba, gidan da Muhammadu Rumfa ya zauna kafin ya zama Sarkin Kano a 1463, ga shi nan daf da gidan Sarki. A wannan fitar na ba Yaya wayarsa na ce shi ne mai ɗaukar hoto, in mun koma kuma zai yi wa Abbansu bayanin kowane hoto. Mun hau Dala ma, muka tsaya a sama birni duka a ƙasanmu, yana neman unguwarmu da ido. Amma marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tana nan tun 1498, ita ta kama su. Ummi ta tafi da farin ƙyalle da muka ɗaɗɗaure da zare tun a gida. Wani dattijo ya karɓa ya tsoma a ramin baba, ya ɗago, ya sake tsomawa. Da ya fito da shi kore-kore yake, muna tsaye yana shan iska yana rikiɗewa zuwa shuɗi a gaban idonmu. Ummi ta riƙe hannuna gam. Yaya ya tambayi dattijon me ya sa haka, ya ce, "Iska ce, yaro, baba sai ya sha iska yake nuna kansa." Washegari rabin lokacin wayarsa a kan wannan tambayar ya ƙare, ya zo yana mini bayanin iskar oksijin da yadda take sauya launin baba. Daga can gefe kuma ana jin ƙarar masu bugu, Auta ya dawo gida yana dukan filo da muciya.

Tsakiyar Agusta marka ta sauka, sauro ya yi yawa, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da Auta. Kwana uku muka yi a asibiti. Duk dokar nan ta rushe. Da za a sa masa ƙarin ruwa ni da kaina na kunna masa katun na riƙe masa, kuma ko yau aka koma haka zan yi. Su Yaya a gida suka yini gaban talabijin ba mai ce musu kanzil. Da muka dawo sai da aka sake kusan kwana huɗu ana ja-in-ja kafin samira ta koma wurinta. Wannan karon dai ba daga tushe muka faro ba, takardar Ummi tana nan manne a jikin firij, nuna ta kawai nake yi.

Kwana goman ƙarshe muka kai manyan biyu wurin Hajiya, a wani ƙauye ta wajen Gezawa. Can caji sai an kai shagon mai caji an biya, don haka wayar Yaya a gida ta zauna. Kwana biyun farko, in ji Hajiya, ko magana ba ya yi, yana zaune a gindin darbejiya kamar wanda aka yi wa mutuwa. Daga baya 'ya'yan kawunsa suka ja shi yankan ciyawar awaki. Gero ya riga ya fitar da kai, suka gasa tumu a bakin gona, abin da bai taɓa ci ba a rayuwarsa. Ummi ta koyi surfe da bakace, ta dawo da kanta a tafin hannu tana nuna wa kowa.

Ranar da muka je ɗauko su, tun kafin mota ta hau kwalta Yaya ya tambaye ni ko na taho masa da wayarsa. Ban taho da ita ba, ya ɓata rai har Kano. Amma a kan cinyarsa akwai kwali mai huji-huji, tantabaru biyu a ciki, mace da namiji, kyautar kawunsa. Da muka iso, shi da Abbansu suka haɗa musu ɗaki da guntayen katako a saman buhunan Ummi. Yanzu da asuba in ya dawo masallaci wurinsu yake fara zuwa da dawa da ruwa.

An koma makaranta a Satumba. Lokacin wayar yara ya koma Asabar da Lahadi, samira kuwa tana nan kullum. Ummi har yanzu takan kunna talabijin a sace in ta ga na shiga wanka, Yaya yakan roƙi ƙarin minti goma kusan kowane mako, wani lokaci in ba shi, wani lokaci in hana. Tawa wayar ta sauko zuwa awa 3 da wani abu, ranar da kaya suka iso takan haura.

Tantabarar ta yi ƙwai biyu. Yaya ya bincika ya ce kwana 17 zuwa 19 suke yi, ya rubuta ranar da alli a jikin bango yana ƙirgawa, namijin na kwanci da rana, macen da dare. Wata Talata bayan Magariba, muna zaune kan tabarma ana shirin cin tuwo, ya leƙa da tocila ya dawo a guje ba takalmi. Ɗaya ya ƙyanƙyashe. Ya tsaya a kan samira bai taɓa murfin ba, ya ce, "Abba, don Allah hoto ɗaya kawai, in tura wa Kawu ya nuna wa Hajiya." Abbansu ya dube ni, na buɗe na miƙa masa tawa, muka tashi gaba ɗaya har da Auta da tuwo a hannunsa muka bi shi tsakar gida.